Ɓari ya yi yawa ko ciki ya ƙi samuwa: yadda za ku bincika ko abin na gado ne

Idan mace ta yi ɓari sau ɗaya kowa ce mata yake Allah ya mayar da alheri, a wuce wajen, kuma ba laifi don ɓari ɗaya abu ne da ke faruwa sosai, a duk ciki 100 da aka tabbatar kusan 15 zubewa suke yi, yawanci ma a wata ukun farko. Amma bari ya zama na biyu ko na uku, nan take maganar gida ke sauyawa. Sai ka ji an ce mahaifarta ce ba ta riƙo, wasu su ce namijin dare, wasu su ce jifa ne, uwar miji ta fara zancen ƙarin aure a gaban yarinyar da ko jini bai gama ɗauke mata ba. A duk wannan hayaniyar babu mai ɗaga ido ya kalli mijin, alhali rabin abin da aka gina ɗan tayin nan da shi daga jikinsa ya fito. Shi ya sa na ce bari in rubuta yadda ake bin abin daki-daki, me za a fara yi, me za a bari sai daga baya, da kuma inda bai kamata ku zubar da kuɗinku ba.

Sharaɗin farko dai tare za ku je. Malam, in ka ba ta kuɗin mota ka tura ta asibiti ita kaɗai kai ka wuce majalisa, to wallahi rabin bincike aka yi, ko da kuwa an ɗebi jininta sau goma. Lokacin fara bincike kuma shi ne in an yi ɓari biyu, wasu likitocin sai uku suke jira amma ni a ganina wadda ta rasa ciki biyu ba sai ta jira na uku ba kafin a duba ta. In kuma cikin ne bai samu ba sam, to shekara ɗaya ana tare ba tsarin iyali, ko wata shida in matar ta wuce shekara 35. Ku nemi likitan mata na gaske, irin na asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Usman Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Maiduguri, ba mai kemis ɗin bakin layi ba.

Kafin nan ya kamata ku gane abin da ake nema. Kowane ɗan Adam a cikin ƙwayoyin jikinsa akwai wasu ƙunshe-ƙunshe guda 46 da ake ce wa kuromosom, a cikinsu aka rubuta duk tsarin halittarsa, 23 daga uwa 23 daga uba. Ku ɗauke su kamar akwatunan lefe, kowane akwati da lambarsa da kayan da ya kamata a samu a ciki. Lokacin da jiki zai haɗa ƙwan mace ko maniyyin namiji sai ya raba akwatunan biyu ya ba da rabi. A wajen rabon nan ne ake samun kuskure, akwati ɗaya ya tafi sau biyu ko ya ɓata gaba ɗaya, kuma kusan rabin ɓarin da ake yi a farkon ciki wannan ne dalilinsa, ɗan tayin ya zo da kuromosom 47 ko 45, jiki ya ga ba zai rayu ba ya sake shi. Wannan kuskuren tsautsayi ne na wannan cikin kaɗai, ba gado ba ne, ba ɗaukar bokitin ruwa ba ne, ba hawa Keke Napep ba ne, ba kuma don ta yi daka ba. Abin da ke ƙara shi sosai shekaru ne, mace mai shekara 25 zuwa 29 haɗarin ɓarinta wajen 10 cikin 100 ne, wadda ta kai 45 kuwa ya haura 50, kuma tsufan miji ma yana da nasa kason, ba na mace kaɗai ba.

To amma akwai wanda na gado ne, kuma shi ne mutane ba su sani ba. Wani mutum ana haihuwarsa da kayan wani akwati sun koma wani akwatin, misali wani yanki na lamba 11 ya yi musaya da na lamba 22, ko lamba 13 da 14 sun manne sun zama ɗaya. Babu abin da ya ɓata, kaya duk suna nan, don haka shi lafiyarsa ƙalau, ƙato ne majiyi ƙarfi, bai taɓa kwanciya asibiti ba. Matsalar sai an zo rabawa ɗa rabi, sai wani ƙwan ko wani maniyyin ya tafi da kaya fiye da kima wani kuma ya tafi da giɓi. Likitoci na ce wa wannan tiransilokeshan, wajen mutum 1 cikin 500 na ɗauke da shi, amma a cikin ma'auratan da ke fama da yawan ɓari ana samunsa a 2 zuwa 5 cikin 100, kuma zai iya zama a jikin matar zai iya zama a jikin mijin. Ku lura da wannan da kyau: in mutum yana da mata biyu, uwargida tana ɓari amarya ma ta zo tana ɓari, ko ya saki wata saboda ɓari ta je wani gidan tana haihuwa lafiya, to don Allah a daina wahalar da matan nan da rubutu da hayaƙi, jinin maigida ya kamata a ɗiba.

Aikin farko da za ku yi ba ya cin ko sisi. Ku samu takarda da biro ku je wajen tsofaffin gida, Inna ko Gwaggo ko Kaka, ta ɓangarenki da ta ɓangarensa, ku tambaya a hankali cikin ladabi don magana ce mai ciwo. Inna, ke kin taɓa ɓari kafin ki haife ni, sau nawa, cikin wata nawa? A gidanmu akwai mai wabi? Yaran da suka rasu suna jarirai me ya same su, shawara ce suka yi idonsu ya yi rawaya, ko kumburi suka zo da shi, ko wata gaɓa ce ba ta cika ba? Akwai wanda bai taɓa haihuwa ba a cikin baffanni da kawunnai? Akwai macen da al'adarta ta ɗauke tun kafin ta kai 40? Akwai masu sikila, ko yaro mai taɓin ƙwaƙwalwa tun haihuwa, ko wanda jini ya taɓa daskare masa a ƙafa yana matashi? Za ku yi mamakin abin da zai fito, tsohuwa za ta yi shiru ta ce ai kafin babanka sai da na zubar da huɗu, ba wanda ya taɓa tambayata ne. Ku rubuta duka, har da dangantakar da ke tsakaninku in auren zumunci ne, ɗan wa da 'yar ƙani ne ko ɗan mace da ɗan namiji, da ko iyayenku ma haka suka yi. Ke kuma 'yar'uwa ki rubuta tarihin kowane ciki, watan da ya zube, ko an taɓa ganin bugun zuciya a sikanin kafin ya lalace, ko an yi wankin ciki, ko ruwa ne ya fashe ba ciwo a wata biyar. Wannan takardar ta fi wa likita amfani fiye da tes da yawa, don ɓarin wata biyu da na wata biyar ba hanyarsu ɗaya ba.

Sai gwaje-gwaje masu sauƙin kuɗi, su za a fara da su. Jinotayif na ku duka biyu, ko da kun yi kafin aure ku sake a lab mai inganci don ana samun kuskure. A Najeriya kusan mutum 1 cikin 4 AS ne, kuma a Kano tun 2024 doka ta wajabta gwajin kafin ɗaurin aure. Amma a gane, AS da AS ba shi ke kawo ɓari ba, abin da yake kawowa shi ne a kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi SS, kuma kowane ciki lissafinsa daban, ba wai in an haifi mai sikila ɗaya ukun da ke biye sun tsira ba. Inda sikila ke taɓa ciki kai tsaye shi ne in ita uwar ce SS ko SC, nan kam haɗarin ɓari da haihuwar bakwaini da hawan jinin ciki da mutuwar ɗa a ciki ya fi yawa, dole ta ga likita tun kafin ta ɗauki cikin, a duba magungunanta musamman haidiroksiyuriya da ake dakatarwa, a ba ta folik asid mai ƙarfi da kariya daga maleriya.

Rukunin jini kuma, ba A ko B ko O kawai za ku kalla ba, ku kalli alamar da ke gaba, fositif ne ko negetif. Wannan shi ne resus, shi ma gadonsa ake yi. In mace negetif ce mijin fositif, ɗan zai iya ɗauko na uba, to in jininsa ya gauraya da nata lokacin haihuwa ko ɓari sai jikinta ya haɗa sojojin yaƙar irin wannan jinin. Ɗan fari yawanci yana tsira, na bayansa ne ke shan wahala, jininsu ya riƙa fashewa tun a ciki, su zo a kumbure ko su mutu a wata bakwai takwas, ko a haife su da shawara mai tsanani. Wani wabin da aka ɗora wa mayu wannan ne. Abin takaicin kuma akwai rigakafi, allurar anti-D, ana yinta a sati 28 na ciki sannan a cikin awa 72 bayan haihuwa, haka bayan ɓari ko wankin ciki ko zubar jini likita zai duba ko tana buƙata. In sojojin sun riga sun haɗu allurar ba ta da amfani kuma, sai dai sa ido sosai a babban asibiti, don haka mai negetif ta ce a gwada mata ko jikinta ya riga ya haɗa su. Shi resus ba kasafai yake zubar da cikin wata biyu ba, kar a ɗora masa komai a daina neman sauran dalilai.

A wannan zagayen dai za a duba abubuwan da ba na gado ba, don su suka fi yawa kuma su suka fi magani: suga, tayirod wato halittar wuyan nan da ke kumbura ta zama maƙoƙo, tunjere, sikanin na mahaifa ko akwai ƙari ko wani shamaki da ya raba ta biyu, da ƙarfin bakin mahaifa ga mai ɓarin wata huɗu zuwa shida. Akwai kuma gwajin antifosfolifid, wata cuta ce da ke sa jini daskarewa a mabiyiya, ba gadonta ake yi ba, ana gwadawa sau biyu da tazarar sati 12 kafin a tabbatar, kuma in aka same ta ƙaramin asfirin da allurar hefarin, mai hana jini daskarewa, suna taimakawa sosai. Ki tambayi likita da bakinki ko an yi miki shi.

Yanzu ɓangaren maza, nan zan ɗan daɗe don nan ake gudu. A matsalar rashin haihuwa kusan rabi da hannun namiji a ciki. Ƙarfin kwanciya daban, ƙwayoyin haihuwa daban, mutum zai iya zama ba shi da wata matsala a shimfiɗa, ruwa na fita yadda ya kamata, amma a sa a madubin lab a ga babu ƙwaya ko ɗaya. Gwajin maniyyi ba ciwo ba allura. Za a ce ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, a ba ka 'yar kwalba mai murfi, in kunya ko wani dalili ya hana ka bayarwa a can ka yi a gida da taimakon matarka, ba sabulu ba mai ba kwaroron roba, ka rufe ka sa a aljihun gaban riga inda ɗumin jiki yake, kar ka ajiye a kan dashbod cikin rana, ka kai cikin awa ɗaya. In sakamako bai yi kyau ba kar hankalinka ya tashi, ana sakewa bayan kamar wata uku, don jiki na ɗaukar sama da kwana 70 kafin ya ƙera sabon maniyyi, zazzaɓi mai zafi kaɗai ya isa ya ɓata na farko. Kuma masu zuwa kemis ana yi musu allurar testostaron wai don ƙarin ƙarfi, ku sani ita wannan allurar kashe ƙera maniyyi take yi.

In an sake an ga babu ƙwaya ko kaɗan ne ƙwarai, a nan ne gado ke shigowa. A cikin kuromosom 46 ɗin nan biyu ne ke raba jinsi, mace XX namiji XY, to wani namijin an haife shi da ƙarin kuromosom na X, a takarda za a rubuta 47,XXY maimakon 46,XY, yana samun kamar namiji 1 cikin 600 kuma da yawa ba sa sani sai an zo neman haihuwa, galibi dogaye ne, 'ya'yan maraina ƙanana, gemu ba yawa. Wani kuma wani ɗan yanki ne ya gutsure a kuromosom ɗinsa na Y, daidai wurin da ke ba da umarnin ƙera maniyyi. Sanin wane yanki ne ya gutsure yana da amfani, don a wani ana iya samo 'yan ƙwayoyi daga maraina a haɗa su da ƙwan matar a lab a dasa mata a mahaifa, a wani kuma ko an yanka ba za a samu ba, ka ga an huta da tiyatar banza. Kuma in aka yi dashen aka samu ɗa namiji shi ma zai gaji giɓin. A ɓangaren mata akwai wadda X ɗinta ɗaya ne, 45,X, yawanci gajeriya ce kuma al'ada ba ta zuwa ko ta ɗauke da wuri, akwai kuma wani canji a X da ke ƙarar da ƙwai kafin shekara 40 wanda a dangi ɗaya za ka ga yana tafe da yara maza masu jinkirin fahimta. Babu ɗaya a cikin waɗannan da saiwa ko tsimi ke gyarawa.

Gwajin da ke nuna kuromosom sunansa kariyotayif. Jini kawai ake ɗiba, na miji da na mata, a raini ƙwayoyin a lab a jera kuromosom ɗin a ƙirga a duba fasalinsu, yana ɗaukar makonni kafin ya fito, da tsada, kuma ba kowane asibiti ke yi ba, sau da yawa aika jinin ake yi Legas ko Abuja ko waje. Don haka ba da shi ake farawa ba, sai in takardar tarihin nan ta nuna alama, ko maniyyi ya yi ƙasa sosai, ko an gwada abin da ya zube an ga matsala. Eh, ana gwada shi abin da ya zube ɗin, kuma shi ya fi faɗin gaskiyar dalilin wannan ɓarin. In Allah ya ƙaddara wani ɓarin, ki gaya wa likita tun kafin wankin ciki cewa kina son a gwada kuromosom, don a al'ada cikin fomalin, ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa, suke sakawa, shi kuma yana lalata ƙwayoyin, cikin ruwan gishirin asibiti ya kamata a sa. In a gida ya fita a sa a mazubi mai tsabta mai murfi, firij ba firiza ba, a kai da wuri. Amma in jini na zuba sosai ko jiri na ɗibarki, ki manta da mazubi, ranki ne gaba, a tafi asibiti.

Inda ba na so ku zubar da kuɗi: akwai lab-lab da ke tallata dogon jerin gwajin ƙwayoyin gado a intanet, musamman wani MTHFR, su ce shi ke zubar miki da ciki su haɗa ki da magunguna masu tsada. Canjin MTHFR ɗin nan mutane da yawa masu 'ya'ya goma na ɗauke da shi, manyan ƙungiyoyin likitocin mata ba su yarda a riƙa gwada shi don ɓari ba. Haka wani canjin gado mai suna Fakta 5 Laidin da aka gano a garin Laidin na ƙasar Holan a 1994, gaskiya ne yana sa jini daskarewa kuma kusan Bature 5 cikin 100 na da shi, amma a baƙar fatar Afirka da wuya a same shi, kuma ko ga masu shi babban binciken da aka fitar a 2023 ya nuna allurar hefarin ba ta ƙara yawan haihuwar ɗa mai rai ba. In ba wai ke ko wani na jikinki ya taɓa samun daskarewar jini ba, ajiye kuɗin nan ki yi sikanin mai kyau.

Maganar auren zumunci, ba zan ce haramun ba ne don ba haramun ba ne, kuma mafi yawan 'ya'yan da ake haifa a cikinsa lafiyarsu lau. Abin da ke faruwa shi ne kowannenmu na ɗauke da 'yan ɓoyayyun canje-canje da ba sa cutarwa sai ɗa ya gaji iri ɗaya daga uwa da uba, kamar dai yadda sikila take, su kuma ɗan wa da 'yar ƙani kashi 1 cikin 8 na ƙwayoyin gadonsu iri ɗaya ne. Shi ya sa haɗarin haihuwar ɗa da nakasa ke tashi daga wajen 3 cikin 100 zuwa wajen 6, kuma yana ƙaruwa in kaka da kakanni ana ta yi a gida ɗaya. In 'yan'uwa ne ku kuma kun binne jarirai biyu da ciwo iri ɗaya, wannan ba na likitan mata kaɗai ba ne, a haɗa da likitan yara, a ajiye duk takardun yaran da hotunansu.

To in sakamako ya fito an ce ɗayanku na da tiransilokeshan fa? Ba ƙarshen haihuwa ba ne, wallahi ba shi ba ne. A kowane wata jiki na iya fitar da ƙwai ko maniyyi mai cikakken kaya, kuma mafi yawan irin waɗannan ma'aurata suna samun ɗa lafiyayye ta hanyar da aka saba, sai dai wataƙila a sha ɓari a hanya, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga wadda jikinta ke ɗauka. Masu hali na iya yin dashen IVF a gwada 'yan tayin kafin a mayar, a zaɓi mai daidai, yana rage yawan ɓari amma miliyoyi ne kuma babu tabbas, kar a sayar da gida ko gona sai an zauna da likita ya faɗi lissafin irin naku, don wani nau'in, musamman wanda ya shafi lamba 21, ɗan kan iya rayuwa ya zo da larurar Dawun, mai kawo jinkirin girma da fahimta. In kuma an gama komai an ce ba a ga dalili ba, wanda haka ke faruwa ga kusan rabin masu yawan ɓari, to nan ma mafi yawansu suna haihuwa daga baya.

Kafin ciki na gaba ki fara shan folik asid tun wata uku kafin, maigida ya bar sigari da shisha, a daidaita suga da hawan jini, a kwana a gidan sauro. Da kin ga ɓatan wata ki je awo, kar ki jira sai ya yi motsi, a yi sikanin a sati 6 zuwa 8, in jini ya ɗan fito ki koma a ranar don ga mai tarihin ɓari akwai furojestaron, maganin da ke taimaka wa ciki ya zauna, da likita ke bayarwa. Sannan in an tabbatar abin na gado ne, ƙanne da yayyen wanda aka samu a jikinsa su ma za su iya ɗauke da shi. Ba sai an tara dangi an yi shela ba, sirrinku ne, amma ƙanwar da ke can gidan miji tana ɓari na uku ana zaginta ya kamata a kira ta gefe a ba ta kwafin takardar ta kai wa likitanta.